Na'urar gashi da sauti za ta raba ni da zafin zama?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 29, ina zaune a wani ƙauye a yankin Ringim, sana'ata ɗinki. Wata 11 ke nan da na haifi ɗana na huɗu bayan doguwar naƙuda, har sai da aka yi mini ƙari. Tun daga nan nake jin ƙuna da raɗaɗi daga gabana zuwa dubura, ya fi yawa a ɓangaren hagu. Da na zauna sai ya tashi, in na miƙe ko na kwanta sai ya lafa. Na sha maganin sanyi da na basir har na gaji. Kwanciyar aure ta zame mini abin tsoro. Da na je asibiti a birni aka tura ni sashen gashi, malamar ta ce tsokokin ƙuguna ne suka ɗaure, za ta riƙa gasa mini da na'urar altirasawun sau biyu a mako. Nakan ji daɗi in an yi, amma kafin babur ya kawo ni gida ciwon ya dawo. Yayana ya ce ya ga ana sayar da ƙaramar na'urar a Kano, in sayar da akuyata a sayo mini in riƙa yi a ɗaki. In saya? Ina shayarwa, al'adata ba ta dawo ba.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya yaye miki, Ya raya yaro. Akuyarki ki bar ta a turkenta. Wannan na'ura ba ta ajiyewa a ɗaki ba ce, zan kuma gaya miki dalili dalla-dalla. Sai dai maganar da kika rufe takardarki da ita ce ta fi tsaya mini a rai, don haka da ita zan fara.

Shayarwa takan tsare mace daga ɗaukar ciki a watanni 6 na farko ne, shi ma sai in nono zalla jariri yake sha, jini kuma bai dawo ba. Yaronki ya wuce nan, na san yanzu yana shan kunu yana taɓa tuwo. Mace tana iya ɗaukar ciki ba ta ga wanki ko sau ɗaya ba bayan haihuwa, in dai ana saduwa ko da jefi-jefi ne. Ita kuwa na'urar gashi da sauti, wato ta altirasawun da ake gasa miki da ita, ba a ɗora ta a mara ko ƙugu ko ƙasan gadon bayan mai juna biyu. Saboda haka kafin ki sake kwanciya a gasa miki, ki yi gwajin ciki na fitsari. Ko a asibitin sha-ka-tafi ana yi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In ya nuna akwai, kada ki ɗaga hankalinki, ki dai sanar da malamar gashin a dakatar, ki kuma faɗa a wurin awo cewa an yi miki. Wata za ta ce miki ai masu ciki ma ana yi musu sikanin. Haka ne, dangin sauti ɗaya ne, amma na sikanin an tsara shi don ɗaukar hoto, wannan kuwa an tsara shi ne don ya tara ɗumi a cikin nama.

Yanzu sai ciwon kansa. Ba a yanke wa ciwo hukunci ta takarda, sai an duba mutum. Amma siffar da kika bayar ta yi kama ƙwarai da ciwon wata jijiyar saƙo da likitoci ke kira fudendal. Kowa yana da ita guda biyu, dama da hagu. Daga ƙarshen ƙashin baya take fitowa, ta ratsa tsakanin wasu ɗaurin ƙashi guda biyu masu tauri can cikin mazaunai, ta bi wata 'yar siririyar hanya ta gefen ƙashin da mutum ke zama a kansa, sannan ta rarrabu: reshe ya nufi dubura, reshe ya nufi fatar da ke tsakanin gaba da baya, reshe ya nufi gaba. Ita ce ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin duk abin da ya taɓa wurin, tana kuma da hannu wajen riƙe fitsari da bayan gida. Kan jariri da ya daɗe a hanya yana iya danne ta ko ya ja ta fiye da kima. Ba mata kaɗai take kamawa ba. Maza masu yini a kan sirdin keke suna fama da ita, haka masu yawan yunƙuri a masai saboda taurin bayan gida.

A 2008 likitocin birnin Nant na Faransa suka fitar da alamomi biyar da har yau ake dogara da su wajen gane wannan ciwo. Zafin yana daidai wurin da jijiyar ke bi. Zama ne ke tayar da shi. Ba ya tashin mutum daga barci. In likita ya gwada fatar wurin, ana jin taɓawa yadda ya kamata. In kuma aka yi allurar kashe zafi dab da jijiyar, sai ciwon ya kwanta na ɗan lokaci. Biyun farko ke da kanki kika faɗe su. In har wannan ne ke damun ki, to ba abin mamaki ba ne da maganin sanyi bai yi komai ba, domin babu ƙwayar cutar da zai kashe. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya: duk zafin da mace ta ji a ƙasanta sai a ce sanyi ne, a haɗa mata kafso a kemis wata bayan wata, ba wanda ya tambaye ta yaushe zafin ke tashi, yaushe yake kwanciya. Tambaya ce ta minti ɗaya, amma mata nawa suka shekara ba a yi musu ita ba.

Malamar gashin ba ta yi kuskure ba da ta ce tsokoki sun ɗaure. A ƙasan ƙugu akwai shimfiɗar tsoka da ke tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Idan wuri yana ciwo, tsokar da ke kewaye da shi takan matse da kanta don ta tsare shi, ba tare da mai jikin ta sani ba. In matsewar ta daɗe sai tsokar ta manta yadda ake saki. Ita kuma jijiyar a jikin waɗannan tsokoki take wucewa, don haka matsewarsu na ƙara takura ta, zafi ya ƙaru, su kuma su ƙara matsewa. Ga tabon ƙari, wanda shi ma yakan yi tauri ya ja naman da ke kusa da shi. Ga kuma tsoron saduwa, wanda kan sa jiki ya ɗaure tun kafin a taɓa shi. Duk waɗannan a jiki suke, ba raki ba ne, ba kuma ƙin miji ba ne.

To ita na'urar me take yi? A cikin kanta akwai wani ɗan faifai da lantarki ke kaɗawa sau miliyan 1 zuwa miliyan 3 a daƙiƙa ɗaya. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da ya haura 20,000, shi ya sa ba kya jin ƙarar komai. Wannan kaɗawa ba ta ratsa iska, dalilin da ya sa ake shafa man nan mai santsi tsakanin kan na'urar da fata ke nan. In ta shiga nama sai ta sa shi ɗumi daga ciki, jini ya ƙara gudana, tsoka ta ɗan yi laushi. Mai kaɗawa miliyan 3 takan tsaya kusa da fata, kamar santimita 2. Mai miliyan 1 takan kai kamar santimita 5. Minti 5 zuwa 10 ake yi, kuma hannun mai yin ba ya tsayawa, kullum yana kewayawa.

Daɗin da kike ji bayan gashin gaskiya ne, ba na musun sa. Amma ke mai ɗinki ce, kin san in zaren keke ya yi tsauri ɗinki yakan tattare. In kika bi shi da dutsen guga zai kwanta ya yi kyau a ido, sai dai muddin ba ki sassauta zaren ba, layin da za ki ja na gaba ma haka zai tattare. Aikin na'urar bai wuce na gugar ba. Ba ta buɗe hanyar da jijiyar ta matse a ciki, ba ta kuma koya wa tsoka yadda za ta daina ɗaurewa. Ban da haka, tsokokin da suka fi damun masu irin ciwonki suna can ciki, bayan kitse da babbar tsokar mazaunai, inda ɗumin ke isa da ƙyar.

Binciken da aka yi ma bai ba ta matsayin da ake ba ta a bakin mutane ba. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta auna su, ta duba amfanin wannan na'ura ga mata masu zafin ƙasa da zafin saduwa bayan haihuwa, ta ce hujjar da ake da ita ba ta kai a yanke cewa tana magani ba. A 2020 ta sake duba ta a kan daɗaɗɗen ciwon baya, aka ga bambancin na'urar gaske da wadda aka ɗora a kashe ɗan kaɗan ne, ko ma babu. A Ingila, ƙa'idar maganin ciwon baya da aka fitar a 2016 ta ce kada a riƙa ba da ita. A ganina wurin zamanta ɗaya ne: a ɗumama tsoka da ita na 'yan mintuna don a sami damar yin ainihin aikin, wato aikin hannu da koyar da saki. In ita kaɗai ake yi miki a sallame ki, to ba a taɓa tushen matsalar ba tukuna.

Ta kasuwa kuwa haɗarinta ya fi amfaninta. Ba ki da hanyar sanin ƙarfin da take fitarwa, ko ma tana fitar da wani abu. In kan na'ura mai ƙarfi ya tsaya wuri ɗaya yana iya ƙona nama, musamman a kan ƙashi, wurin naki kuwa ƙashi ne ta ko'ina. Kusa da shi ga mahaifa, ga ƙwan haihuwa, ga jijiyar da dama a fusace take. Ba a ɗora ta a inda ake zargin ciwon daji, ko inda ƙwayar cuta ta kama, ko inda jini ya daskare a jijiyar jini, ko fatar da ba ta jin zafi sosai. Duk waɗannan sai wanda ya karanci aikin ne zai tantance. Ke kuma wurin da za ki gasa ba kya ma iya ganin sa. Yayanki alheri ya nufa, Allah Ya saka masa. Ki ce masa in zai taimaka, ya taimaka da kuɗin mota.

Mota na ce, domin kin ba ni wata hujja a takardarki ba ki lura ba. Sirdin babur daidai kan hanyar jijiyar yake dannawa, ga jijjiga, ga ramukan hanyar ƙauye. Gashin minti 10 ba zai rinjayi wannan tafiya ba, kuma sau biyu a mako kina zuwa kina dawowa. Ki gaya wa malamar wannan ƙarara. Ki roƙe ta ta rage yawan zuwan, ta tsawaita zaman, ta koya miki abin da za ki riƙa yi a gida. Inda mota ke shiga ki hau mota. Inda ba makawa sai babur, ki shimfiɗa abin zama mai laushi, ki ce wa mai babur ya bi a hankali.

Abin da ya kamata zaman gashin ya ƙunsa shi ne a duba tsokokin da hannu, daga waje, in kin amince har daga ciki, a gano inda ya ɗaure a danna shi a hankali har ya saki, a tausasa tabon ƙarin, a miƙar da tsokokin cinya da na kwatangwalo. Haƙƙinki ne ki ce mace kike so ta duba ki, haƙƙinki ne kuma ki ce a tsaya in zafi ya yi yawa. Akwai atisayen matse gaba da ake koya wa masu jego don riƙe fitsari. Wannan ba naki ba ne yanzu. Taki tsokar matsewa ce ta yi mata yawa, ƙara matse ta ƙara ciwo ne.

Naki atisayen na saki ne, kuma ba ya cin ko kwabo. Ki kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin gwiwoyinki, hannu ɗaya a kan cibiya. Ki ja numfashi ta hanci sannu a hankali har ciki ya ɗaga hannun, ki bar ƙasanki ya saki irin sakin da kike yi in za ki fara fitsari. Ki fitar da numfashin ba tare da kin sake matsewa ba. Minti 5 zuwa 10, safe da dare. Da farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa, domin tsokar da ta yi watanni a ɗaure ba ta saki a kwana biyu. Ki daure ki ci gaba. Da rana ma, kina tsakar aiki, ki riƙa tambayar kanki ko kin matse ƙasanki, in kin ji haka ne ki saki.

Ki ɗinka wa kanki matashin zama. Ki sami soso mai kauri, ki yanke tsakiyarsa a tsaye daga gaba zuwa kusa da baya, yadda nauyinki zai sauka a kan cinyoyi da gefen mazaunai, tsakiya kuma ta zauna a sarari ba abin da ke taɓa ta. Yanka da guga da awo ki yi su a tsaye. In kin hau keken ɗinki kada ki jira zafi ya tashi kafin ki miƙe, ki riƙa katse zaman kina ɗan takawa a tsakar gida. Kujerar tsuguno da daɓen siminti ki ƙaurace musu na wani lokaci. In zaman tahiya yana ba ki wahala, ki tambayi malamar Islamiyyarku, addini ya yi wa marar lafiya sauƙi a yanayin sallarsa.

Bayan gida kuma kada ki raina shi. Duk yunƙurin da kika yi a masai jijiyar yake ja. Ki yawaita ruwa, mai shayarwa ma dama tana buƙatar sa. Zogale, rama, kuɓewa, miyar kuka, wake, gwanda, duk suna sa shi laushi. Kada ki daɗe a tsugune. Ruwan ɗumi a baho ko tsumma mai ɗumi a mazaunai yana ba da sauƙi kusan irin wanda kike nema a na'urar, amma ɗumin da gwiwar hannunki za ta jure, ba tafasasshen ruwan wankan jego ba.

Akwai abin da nake roƙon ki da girman Allah. Idan labari ya bazu cewa saduwa tana yi miki zafi, za a sami mai cewa gishiri ne, a kira wanzami ko ungozoma a yanka. Kada ki yarda, ko wace ce ta kawo maganar. Yankan gishiri ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari, wasu jini ya ƙare musu, kuma reza a wurin da jijiya ke ciwo sabon ciwo take ƙarawa. Haka ƙaho da sakiya a wurin. Haka magungunan matsi da ake cusawa, da hayaƙin tsuguno mai zafi. Ki ajiye su duka.

Game da magani, ciwon jijiyar saƙo ba ya cika jin farasitamol da irin su ibufurofen, yawan shan na biyun kuma yana kawo gyambon ciki. Akwai waɗanda likita ke rubutawa musamman don irin wannan zafi, kamar amitiriftilin da ake sha kaɗan da dare, ko gabafentin, ko firegabalin. Suna sa barci da jiri, sai an yi makonni kafin a ga aikinsu, ba a kuma daina su farat ɗaya. Dole likita ya san kina shayarwa kafin ya zaɓa. Tiramadol na kemis kada ki kusance shi, yana kama mutum. In waɗannan da gashi ba su wadatar ba, akwai allurar da ake yi dab da jijiyar, wadda take tabbatar da ciwon ta kuma ba wasu sauƙi. Tiyatar buɗe wa jijiyar hanya ita ce matakin ƙarshe, ba kowa ke kai wa can ba.

Ki nemi a haɗa ki da likitan mata ya duba ki sosai, tabon ƙari da bakin mahaifa duka. Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, asibitin tarayya na Birnin Kudu, asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala a Kano, duk suna da likitocin mata da sashen gashi. Wasu alamomi kuwa ba sa jiran ranar da aka ba ki: in wurin ya mutu ba kya jin taɓawa, in fitsari ko bayan gida ya fara kufce miki ko fitsarin ya ƙi fita, in ƙafafu suka yi sanyi ba ƙarfi, in zafin yana tashin ki daga barci, in kina ramewa, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini bayan saduwa. Ko ɗaya kika gani ki tafi asibiti a ranar. Mai yoyon fitsari bayan haihuwa kuma, asibitin Jahun yana da sashen da aka keɓe don gyaran sa.

Saura maigida. Ba ki faɗi yadda yake ɗaukar abin ba, amma na san abin da shiru ke haifarwa a ɗakin aure. Shi zai ɗauka gudun sa kike yi, ke kuma kina haɗiye zafi don tsoron kada ya juya miki baya. Saduwar da aka yi cikin cije baki tana ƙara ɗaure tsokar da kike ƙoƙarin saki, ta mayar da aikin makonni baya. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a shimfiɗa ba, ki gaya masa cewa rauni ne da haihuwar ɗansa ta bar miki, yana da suna a asibiti, ana kuma samun sauƙinsa, sai dai yana cin watanni. Ki roƙe shi ya raka ki ranar ganin likitan mata. Maganar ɗaga ƙafa na wani lokaci, da yadda za a koma sannu a hankali in jiki ya fara saki, ta fi shiga kunnen namiji in daga bakin likita ya ji ta. In kunya ta hana ki buɗe maganar, ki ba shi wannan amsa ya karanta da kansa. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa.